Ranar da Na Tafi Ɗauko Inna daga Bayan Tangaraho

Ina zaune a shagona a Daura, inda nake sayar da kayan gyaran babur, muna ta ja-in-ja da wani mai saye a kan taya, sai maƙwabcina mai walda ya kashe injinsa ya ƙaro muryar rediyo. Wai sojoji sun tsare shugaban ƙasa a Nijar. Ban ƙarasa cinikin ba. Abin da ya fara faɗo mini a rai ba shugaban ba ne, ba kuma sojojin ba, Allah ya sani ko fuskarsu ban sani ba. Inna ce. Mahaifiyata tana can gidan yayana, a wani ƙauye da ke bayan iyaka, inda take yin damina duk shekara.

Da farko ban tsorata sosai ba. Juyin mulki a Nijar ba baƙo ba ne a kunnenmu, mun ji shi muna yara, mun ji shi da gemunmu. A yi ta sakin kiɗan soja a rediyo kwana biyu, kasuwar Mai'adua ta ci kamar ba a yi komai ba. Amma wannan karon sai abu ya yi ta hawa. Shugabannin ƙasashen yankin suka taru, namu a kan gaba, suka ce a rufe boda, a yanke wa Nijar wutar lantarki, suka kuma ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da mulki, in ba haka ba a shiga da ƙarfi. Na yi ta juya maganar nan a raina. In za a shiga da ƙarfi, ta ina za a bi? Duk wanda ya san ƙasar nan ya san ta kanmu za a bi.

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona suka samu abin yi. Wannan ya ce jiragenmu za su gama da su kafin azahar, wancan ya ce ina, ai sun samo manyan abokai daga waje, kamar masu musun ƙwallo. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, har ranar da wani ya ce ai gara a yi a wuce wurin. Na tashi na janye bencin daga ƙarƙashinsu. Na ce duk wanda ba shi da kowa a ƙetare ya je ƙofar gidansu ya yi yaƙinsa, ni uwata tana can. Suka watse ana cewa yau Alhaji ya tashi da zafi. Cikinsu kuwa babu wanda ba shi da kowa a ƙetare, sun dai manta ne.

Ni ba zan iya mantawa ba, domin iyakar a bakin gonarmu take. Ƙauyenmu na asali yana arewa da Daura, nesa kaɗan da titin Kongolam, garin da boda take, kuma a ƙarshen gonar gandunmu akwai wani dogon ƙarfe da aka kafa a cikin dunƙulen siminti. Tangaraho muke ce masa. Shi ne iyakar Najeriya da Nijar. Muna yara a jikinsa muke ɗaure akuya in za mu shiga roron gyaɗa.

Kakanmu, mahaifin babana, shi ya ba ni tarihin ƙarfen nan, kuma ba sau ɗaya ba, don tsoho ne mai maimaita magana. Ya ce tun kafin Bature ƙasar Daura ba a dunƙule take ba. Bayan jihadi gidan sarautar da ya bar birni ya rarrabu, wasu suka zauna Zango, wasu Baure, ga Damagaram daga arewa tana matsa wa kowa lamba. Talaka ya saba da sarki fiye da ɗaya a kusa da shi. In wannan ya takura maka, ka ɗauki fartanyarka da iyalinka ka koma ƙasar wancan, in an kwana biyu ka dawo. Sai Turawa iri biyu suka zo, Ingilishi daga kudu, Faransa daga arewa, suka yi rabonsu a can ƙasarsu, sannan suka aiko masu awo suna tafe suna kafa ƙarfe. Ba su tambayi kowa ba. Rijiyar da mutanenmu ke sha ta faɗa wa Ingilishi, maƙabartar da suke binne mamatansu ta faɗa wa Faransa, sai daga baya aka buɗe wata a gefenmu.

Mutanenmu kuwa suka ci gaba da abin da suka iya. Faransa tana kama samari aikin tilas, gyaran hanya da dako, tana kuma ɗibar su soja. In masu kamun sun doso, samarin can su tsallako su kwana a rumbunanmu. In masu ƙirgar jangali sun doso nan, shanunmu su je can su yi kwanakinsu. Har yau tsofaffi ba sa cewa Nijar da Najeriya, sai dai su ce wane ya tafi Faransa, wance ta yi aure a Ingilishi.

Daga nan uban Kaka ya kafa wa gidanmu doka, kada zuriyarsa ta taɓa taruwa a gefe ɗaya. Kowane zamani sai an ba da ɗa ɗaya riƙo a ƙetare, ya girma can, ya yi gida can. A namu zamanin yayana aka bayar, ɗan farin Inna, aka kai shi wurin kawunmu tun yana ƙarami. Ita kanta Inna 'yar can ce, aure ya kawo ta nan. Dokar tana da reshe na biyu, kuma shi ne ya ja mana abin da zan faɗa. In masifa ta sauka a gefe ɗaya, na gefen da ke lafiya shi zai tashi ya je ya ɗauko 'yan'uwansa. Ba ya jiran a kira shi, abin kunya ne a kira ka. Ba ya kuma aikawa ya ce ga shi nan zuwa, domin in ka tambayi mutanenmu, ko wuta ce ke cin ɗakinsu, cewa za su yi lafiya lau, kada ka wahalar da kanka. Sai dai kawai a gan ka a ƙofar gida.

Na ga dokar nan tana aiki da idona. Shekarar da aka yi fari, aka kuma rufe boda a zamanin soja, babana ya bi ta gona da jaki ya kwaso gidan kawu kakaf, muka ci tuwo a kwano ɗaya har kaka. Shekarar da sanƙarau ya shiga ƙauyenmu, da hantsi sai ga kawu da amalanke, bai ko zauna ba, aka loda mu. A duk waɗannan, gefe ɗaya ne ke ciwo, ɗayan yana lafiya. Ban taɓa tunanin akwai wata irin masifa da ba haka take zuwa ba.

Tun da babanmu ya rasu Inna ta fita takaba, sai ta raba mana shekara. Rani a wurina a Daura, damina a wurin Yaya. Komai nata yana bin ta, maganin hawan jininta, carbinta, butarta, ban da abu ɗaya. Likkafanin da ta zo da shi daga aikin Hajji yana ƙasan akwatinta a gidan Yaya, ba ya motsawa, domin a can take so a binne ta kusa da iyayenta. Na sha tsokanarta. Nakan ce, Inna, in kuma ajali ya same ki a Daura fa? Sai ta harare ni ta ce, “Auta, ni ba zan mutu a garinku ba, sai na koma.”

Washegarin da aka ba da wa'adi na samu layin Yaya da ƙyar, na ce ya ba ni Inna. Na ce, Inna, yaya garin? Ta ce lafiya lau, gero ya yi kyau, yaya yaran? Na ce lafiya lau, babu komai. Ta yi mini ƙarya, na yi mata ƙarya, muka yi sallama. Daga ranar wayar ba ta ƙara shiga ba, don garin da suke kai caji ya shiga duhu.

Makon nan ban taɓa ganin irinsa a Daura ba. Wanda ya je Kongolam ya dawo ya ce manyan motoci sun yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu, albasa tana ruɓewa a ciki, direbobi suna girki a ƙarƙashin mota. Aka fara alƙunut a masallatai. Kullum da sabon labari. Yau a ce an ga motocin soja sun nufi Zango, gobe a ce Baure suka yi, jibi wani ya nuna maka hoto a waya ya rantse a bayan gari aka ɗauka, alhali ko bishiyoyin ciki ba irin namu ba ne. Ina sane yawancinsu ƙarya ne, amma sanin bai hana ni jin tsoro ba. In jirgi ya wuce, sai kasuwa ta yi tsit, kowa ya ɗaga kai. Tsorona ɗaya ne. Wanda ke can sama bai san gidan Yaya ba, bai san akwai tsohuwa mai ciwon ƙafa a ɗakin da ke kusa da turken awaki ba. Shi dai an ce masa daga ƙarfen can zuwa arewa ƙasar abokan gaba ce. Abinci ya daina shiga mini. Maiɗakina ta ce in ci gaba a haka ni za a fara binnewa kafin a harba ko harsashi ɗaya.

Ana gobe wa'adi zai cika, bayan na karya, na ce mata zan je in ɗauko Inna. Ba ta ce kada in je ba, ta san gidan da ta shigo. Ta dai ce in bar katin shaidata a aljihun gaba, in kuma aka tsayar da ni in riƙe bakina, don ta san halina.

Na hau babur na bi titi, kafin Kongolam na sauka na yanki daji. Na ratsa ƙauyenmu ban tsaya gaisuwa ba, na shiga sabuwar hanyar da 'yan acaba masu safarar fetur suka fasa ta cikin gonaki. An yi ruwa, yashi ya kwanta. Gero ya fi ni tsawo dama da hagu, ba na ganin komai sai abin da ke gabana. Hanyar da kullum sai ka yi ta kaucewa babura, ranar ni kaɗai ne a kanta. Duk kwanar da zan sha, ina jiran in ga bakin bindiga. Na wuce tangaraho ta gefe ina karanta duk abin da ya zo bakina, ban san ma ina maimaita aya ɗaya ba sai da na hango rumbunan garinsu.

Na tarar da Yaya a ƙofar gida yana ƙoƙarin tayar da wani tsohon babur na aro. Da ya gan ni sai ya saki babur ɗin ya faɗi. Bai amsa sallamata ba. Ya leƙa bayana ya ce, “Ina Inna?”

Na ce, “Wace irin tambaya ce wannan, Yaya? Ita na zo ɗauka.”

Ya ce, “Ba ku haɗu ba?”

Sai da na jingina da katanga. Matarsa ce ta yi mini bayani, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Kwana da kwanaki Inna tana matsa wa Yaya ya ɗaura amalanke ya je Daura ya kwaso mu, ni da matata da yara. Shi kuma yana cewa a dakata a ga yadda hali zai yi. Da asuba ta yi sallah, aka ɗauka ta koma ta kwanta. Sai da rana ta ɗaga aka leƙa da kunu, ba ta nan, sandarta ba ta nan. Wata maƙwabciya ta gan ta ta nufi kudu ta tsohuwar hanya.

Tsohuwar hanya ita ce wadda aka bi da Inna ranar da aka kai ta gidan miji, kuma ita kaɗai ta sani. An daina bin ta da daɗewa, don ƙorama ta cinye tsakiyarta, in an yi ruwa sai ta kawo har ƙirjin namiji. Kuma tun da aka rufe boda, ta wajen ne masu sintiri na ɓangarorin biyu suka fi zama, don sun san masu fasa-ƙwauri na laɓewa a kwarin.

Na tambaya me ta ɗauka. Matar Yaya ta ce ɗan ƙulli ne kawai, maganinta ma ga shi ta bari. Ta shiga ɗakin ta ƙara dubawa, sai muka ji ta yi salati. Ta fito ta ce akwatin a buɗe yake, likkafanin ba ya ciki.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba. Matar da ta yi shekaru tana cewa wannan ƙyalle ba zai bar ɗakin nan ba, yau ta ɗauke shi ta shiga daji da shi. Me ta gani? Me take tsammanin za ta tarar a hanya?

Yaya ya hau bayana muka bi sawunta. Maimakon mu yi addu'a, sai muka kama faɗa, don tsoro in ya rasa inda zai fita ta baki yake fita. Na ce ya yi sakaci, tsohuwa ta fita daga gida bai sani ba. Ya ce ai da ban yi mata ƙaryar lafiya lau ba. Na ce ita ma haka ta ce mini. Ya ce to wa ya jawo wannan duka, in ba ku ba? Ku kuka yanke mana wuta, ku kuka rufe hanya, magani ya yanke a asibiti, duk don Faransa ta ce ku yi. Shekara da shekaru suna haƙar ma'adininmu suna haska garuruwansu muna zaune a duhu, yau mun ce su tafi, sai ɗan'uwanmu ne zai zo ya buge mu. Na ce ni na yanke wutar? Ni da ko a gidana ba ta zama? Sojojinku da suka ɗauki bindiga suka kama mutumin da kuka zaɓa, ni na aike su? Muna tafe a kan babur ɗaya, cikinmu ɗaya, kowa yana amayar da abin da rediyonsa ya ɗura masa. Ya kira ni ɗan Ingilishi, na kira shi ɗan Faransa, kalmomin da muka saba tsokanar juna da su tun muna yara, amma ranar babu wanda ya yi dariya.

Wani manomi da ke maimai shi kaɗai ya ce ya ga tsohuwa da sanda ta wuce tun da sanyin safiya, ya ce mata ta koma, ta ce jikokinta za ta ɗauko. Daga nan faɗanmu ya mutu. Muka isa ƙorama. Ruwa jajir, yana gudu da karan dawa da rassan itace. Ga sawun takalmin roba da ramin sanda sun gangara har bakin ruwa. Daga nan babu. Na tsaya ina kallon ruwan, ina kallon inda ya karya kwana, ina tsoron in ga farin abu ya maƙale a jikin saiwa. Yaya ya tuɓe riga ya shiga, ya bi gaɓa yana taɓa ƙarƙashin ciyayi da ƙafa. Ina jin yana kiran “Inna” a hankali. Shi ɗan fari ne, ita ba ta taɓa kama sunansa ba, shi ma ba ya sakewa a gabanta, ban taɓa jin ya kira ta da irin wannan murya ba.

A ɗaya gaɓar ya ga sawu da yawa sun cakuɗe, na mutane da na shanu, ba a gane komai. Muka zagaya da babur ta inda ruwan ya yi faɗi, muka tura shi muka haye. Ba mu yi nisa ba muka ji an daka mana tsawa daga cikin gero.

Masu sintiri ne na gefenmu, a daidai tangarahon gonarmu, sun ja mota ƙarƙashin gawo. Bindiga a saitin cikina. Na tuna maganar maiɗakina na haɗiye duk abin da ya taso mini. Babbansu ba Bahaushe ba ne, amma yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya karɓi katina ya duba, ya karɓi na Yaya ya juya shi. Na ce masa uwarmu muke nema, tsohuwa mai sanda. Ya ce ba su daɗe da zuwa wurin ba, ba su ga kowa ba. Bai zage mu ba, bai taɓa mu ba, shi ma idonsa ya yi ja, da gani bai yi barci ba. Ya ce ni in wuce, amma wannan ba zai wuce ba, umarni ne. Na ce wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gonar nan da kuke tsaye a ciki ta ubansa ce. Ya ce ya ji, amma ba yau ba.

Yaya ya ce, “Tafi, kada ka tsaya musu. Ina nan.” Ya koma bayan ƙarfen ya tsuguna, wandonsa yana ɗigar ruwa.

Na shiga ƙauyenmu ina tambaya gida gida. Wannan ta ce ba ta gani ba, wancan ya ce kamar ya ga wata da masu tallar nono. Ina tsaye a bakin rijiya ban san inda zan nufa ba, sai wayata ta kama sabis ta fara ruri. Maiɗakina ce. Da na ɗauka sai ta ce, “Kana ina? Ga Inna nan ta iso. Ta ce in haɗa wa yara kaya.”

Na zauna a bakin rijiyar na yi kuka, ban damu da matan da ke ɗiban ruwa ba. Sannan na koma tangaraho na gaya wa Yaya. Ya rufe fuska da tafin hannu ya daɗe. Da ya buɗe sai ya ce, “Ta bar maganinta. Ka saya mata wani.” Ya juya ya kama hanyar gida a ƙafa.

Na iso Daura bayan la'asar. Na tarar da yarana a jere a tsakar gida, kowa da takalmi a ƙafa da ƙullin kaya a gaba. Inna tana kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura suntum, an sa mata su a ruwan ɗumi. Abinci yana gefe ba ta taɓa ba. Wasu matan Fulani ne suka riƙe ta suka haye da ita ƙorama, wani mai babur ya fitar da ita titi, ta samu mota. Ko gaisuwata ba ta tsaya amsawa ba.

Ta ce, “Ina ka shiga tun safe, ka bar yara a gari irin wannan?”

Na ce, “Inna, ke na je ɗaukowa.”

Ta dube ni kamar na yi wauta. “Ɗauko ni daga me? Wa zai ɓata harsashinsa a kan rumbun gero? Ku ne a bakin wuta. A can kowa ya sani, in aka fara, wasu ƙasashe za su shigo su taya mu, kuma manyan garuruwan bakin iyaka za a fara ramawa a kansu. Daura fa. Tashi ka nemo mota tun da sauran rana.”

Na durƙusa a gabanta na ce, “Inna, mu kuma nan abin da muka sani, jirage ta kan ƙauyukanku za su fara bi. Shi ya sa na tafi.”

Na gaya mata yadda muka yi da Yaya, da ƙorama, da yadda aka tsayar da shi a gonar ubansa. Ba ta tambayi lafiyarsa da baki ba, ba ta saba ba, amma na ga hannunta ya damƙe gefen tabarma. Ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, “Can ba lafiya, nan ba lafiya.”

Na ce, “Haka ne.”

“To ina za mu kai su, Auta?”

Uban Kaka bai bar mana amsar wannan ba. Maiɗakina ta zo a hankali ta fara cire wa ƙaramin takalmi.

Sai da aka yi magariba, ta yarda ta sha kunu, sannan na tambaye ta abin da ke cina tun safe. Ƙullin yana kusa da cinyarta, na ga gefen farin ƙyallen ya leƙo. Na ce, Inna, wannan fa? Kin kusa kashe mu da tsoro. Ba kin ce ba zai bar ɗakin can ba?

Ta ce, “Duk gudun da na yi a rayuwata, da goyo na yi shi, da gumba a ƙwarya, ban taɓa shakkar zan koma ba. Yau da na zo fita na tsaya a ƙofar ɗaki, sai na ji ban sani ba. Na ce in an rufe hanya ina wannan gefen, kada in ɗora maka neman ƙyalle a ranar da kasuwa ba ta ci.”

Wa'adi ya cika, ba a yi yaƙin ba, Allah ya kiyaye. Malamai da sarakuna suka yi ta kai-komo, maganar ta yi sanyi a hankali. Boda dai ta daɗe a rufe. Inna ta ƙarasa daminar a wurina, ta yi rani, ƙafarta ba ta ƙara komawa daidai ba. Da aka buɗe na sa ta a mota muka bi ta Kongolam kamar mutane, na kai ta har ɗakinta. Matar Yaya ta kwance mata kaya, ta ɗauko likkafanin za ta mayar ƙasan akwati. Inna ta miƙa hannu ta karɓe.

Yanzu a jakarta yake, tare da maganin hawan jini. In za ta zo Daura da shi take zuwa, in za ta koma da shi take komawa. Ban ƙara tsokanarta a kansa ba.